Jarumin Da Ke Cin Ƙanzo

Shekarar da aka tura Babanmu fagen daga, gidanmu na Jakara ya yi tsit. Soja ne, ya tafi da farkon damina, har aka yi girbi ba saƙo ba labari. Ummanmu takan yi kukanta a fili. Kakarmu Iya kuwa ko sau ɗaya ba ta tambaya ba, don shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Ni dai haushinta nake ji, na ɗauka ko a jikinta.

Amma da an idar da sallar isha'i sai ta jawo kujerarta bakin murhu, ta iza wuta, mu jikoki mu yi mata zobe. Ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta ƙaraso mu sha. Tsofaffin unguwa ba su wuce labarin kura da zomo, ita kuwa tana da abin da babu mai shi: jarumin ƙasar Ailan, wanda ta ce ta jiyo a bakin wata baturiya da ta taya karɓar haihuwa a zamanin ƙuruciyarta.

Tsibiri ne, in ji ta, ruwan sama ba ya ɗaukewa, ganin rana sai an taki sa'a. Mahara suka ɓullo ta teku cikin jirage za su kore shanun gari. Maza suka ranta a na kare, shi kaɗai ya tsaya a bakin gaɓa, ya rantse ba zai zauna ba sai jirgi na ƙarshe ya juya.

Nan fa Iya take miƙewa, tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa. Muciya ta zama takobi, faifai ya zama garkuwa, ta kai sara dama ta kai hagu, inuwarta na tsalle a bango. Jarumi ya yi karaji, igiyar ruwa ta ja da baya. Ya cafki jirgi ta hanci ya kife shi kamar ƙwarya. Mu kuwa ihu muke har da shure-shure, wata rana sai da muka fasa tulu.

Sai dai jarumin nan yana da ban mamaki. Akwai tabo a girarsa ta hagu, wai jaki ya harbe shi yana yaro, kuma ba ya cin komai a fagen fama sai kwaɗon ƙanzo.

Na ce, "Iya, bature da ƙanzo?"

Ta ce, "Ke kika je ƙasar ko ni, uwar iyayi?"

Na tuna mata ita ma ba ta je ba, na sha muciya a ƙafa. In muka tambayi sunansa, ta ce ya yi wa bakinta nauyi. In muka ce zai koma gida kuwa, sai ta ƙura wa wuta ido, ta ce barci take ji, ƙurunƙus. Da safe kuma ta kankare tukunyar tuwo, ta shanya ƙanzon, ta adana a ɗakinta, babu mai taɓawa.

Wata Juma'a bayan la'asar muka ji sallama a zaure. Baba ne, ya rame, yana ɗingishi. Gida ya kaure da guɗa, maƙwabta suka yi ta tururuwa. Na ruga na ɗafe shi, ya sunkuyo, sai ga tabon a girar hagu, wanda na tashi ina gani ban taɓa kawo komai a raina ba.

Iya ta shige ɗaki ta saki labule. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa masa daga ciki kamar dai daga kasuwa ya dawo. Can an jima ta kira ni, ta miƙo akushi cike da kwaɗon ƙanzo.

"Kai wa wancan," ta ce. "Ki ce masa ya zauna haka nan, jiragen sun juya."

Yau nawa ɗan farin yana aiki a nesa, ina kiran sunansa a waya ba kunya ba nauyi, kuma ban ce zamaninmu ya yi laifi ba. Amma ban taɓa iya gaya masa rabin abin da Iya ta gaya wa nata da muciya da faifai ba. In kewarsa ta ishe ni, sai in tashi in kankare tukunya.