Gurbin da Baba Ya Ba Ɗan Ƙaninsa

Yayyenmu da suka riga mu gama makaranta, aiki ne ya bi su har gida. Na san wanda aka ɗauka malanta tun sakamakon jarrabawarsa bai fito ba. Mu kuwa da muka fito, sai muka tarar an rufe ƙofa. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, gwamnatin Sakkwato ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, na cikin ma rage su ake yi.

Shekara biyu na yi a Argungu ina zaman kashe wando. Mu shida ne muke taruwa gindin wani dogon yaro kusa da tasha, da 'yar rediyonmu guda wadda sai an mare ta take magana. In an zo sanarwa kowa ya yi tsit, ko za a ji ana neman ma'aikata. Ran Litinin mu goge rigunanmu da dutsen guga na gawayi, mu hau a-kori-kura zuwa Birnin Kebbi, mu bi ofis-ofis. Masinjoji har sun gane mu, tun daga nesa suke kaɗa mana hannu. Sai mu sha fura a bakin kasuwa mu dawo, muna kwaikwayon tafiyar akawu muna dariya. Ba mu da komai, amma wallahi har yau ina kewar wannan gindin itacen.

Babana manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani. Ni ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya yi gyaran murya. In baƙo ya tambaye shi ni, sai ya dubi ƙasa ya sako zancen ruwan sama. Haka kowane dattijon kirki yake a unguwarmu, ban kuma taɓa ɗauka wannan kunyar za ta ci ni ba.

Wata Juma'a wani abokinsa ya zo. Tare suka yi karatun allo, amma shi ya shiga boko har ya zama babba a ofishin gona na Birnin Kebbi. Ni na kai musu tuwo zaure. Na juya zan fita ke nan na ji baƙon yana cewa:

"An ba ni gurbi guda, malamin gona a Augie. Ban hwaɗa ma kowa ba. Ba ni yaro guda cikin gidanga."

Na tsaya bayan ƙofa ina saurare. Baba ya dubi ƙasa. Can ya ce:

"Akwai yaron ƙanena. Ya ƙare bara, shina da hankali."

"Shi kaɗai na?" in ji baƙon.

"Shi za a ba."

Ɗan baffan nan nawa gida ɗaya muka tashi, kuma na girme shi, na riga shi gamawa. Ran nan ban ci abinci ba. Na tafi ɗakin kakata, wadda ita kaɗai nake iya yi wa tsiwa, na zazzage mata abin da ke cikina. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce:

"To mi kaka so shi yi? Shi buɗe baki gaban mutane shi ce a ba ɗana? Kowa ɗan ɗan'uwanai yaka nema ma. Baffanka na ya kamata shi nema maka."

Gaskiya ta faɗa, haka tsarin yake. Sai dai baffana, Allah Ya ji ƙansa, babban mutumin da ya sani duk duniya shi ne sarkin tasha.

Wata biyu bayan haka ɗan baffana ya shigo gida a kan babur ɗin ofis, mata suna guɗa. Na yi masa murna da baki. A zuci kuwa na ƙullaci Baba ƙwarai. Duk daminar nan ban taka fadama ba. Da safe in durƙusa in gaishe shi a gurguje in tashi, in ya yi gyaran murya in yi kamar ban ji ba. Shi ko bai taɓa tanka mini ba.

Da rani ya yi, zaman ya ishe ni, na bi wani maƙwabcinmu mai kai albasa kudu. Tun ina jin kunyar a gan ni saman lodi da takardar makarantata, har na saba. Sana'ar da na tsufa a cikinta ke nan, aikin gwamnati dai ban taɓa yi ba.

Baba ya rasu ana saura kaɗan a ba mu jiharmu ta Kebbi. Ran sadakar uku abokin nan nasa ya zo gaisuwa, a lokacin ya yi ritaya. Da mutane suka ragu sai ya jawo ni gefe.

"Ka san sau huɗu tsohonka yat taho ohis ɗina, daminar da munka ɗauki ƙanenka?"

Na ce ban sani ba.

"Shi zamna, mu gaisa, shi tambayi iyali, shi tambayi ruwa, shi tashi. Ran na huɗu sai da yak kai bakin ƙohwa yaj juyo yac ce, akwai wani yaro gidana. Daga nan bai iya ƙara komi ba. Na gane wa yaka nuhi, amma gurbi ya riga ya ƙare."

Mutumin da ko kasuwar Argungu ba ya son shiga, ya bar shinkafarsa cikin ruwa ba mai taya shi, ya hau mota har Birnin Kebbi sau huɗu saboda ni. Kowace rana a cikinsu ina ƙofar gida ya dawo da yamma, kuma ko sannu da zuwa ban yi masa ba.