Rabin Motar Bube

Bube, ɗan Inna Indo ta Rimawa, manomin rani ne tun da anka saki ruwan dam ɗin Goronyo. Yas sai da fadamarshi, yas sayi rabin motar da ka kai albasa Kwanni. Sai haraji yaƙ ƙaru bakin iyaka, lodi yat tsaya.

Andrawus, mai ɗayan rabin, yac ce, "Bube, mu sai da motar tun tana tashi."

"In sai da, in koma mi? Gona ta tahi."

Yaƙ ƙi. Yau kaji ka ƙwai ƙarƙashin motar, Bube kuwa shina ƙwadagon dashe cikin fadamar da yas sai da. Inna ta bar tambayarshi, sai roƙon Allah.