Ranar da Katafila Ta Yi Ta Juyi a Jiratawa

Komai tsawon ran da Allah Ya ba ni, ba zan manta ranar da ƙaramar katafilar ƙungiyarmu ta manoman rani ta kama juyi a Jiratawa ba, ni kuma ina zagaya ta ina tofi.

Shekarar nan yashi ya cike kanal ɗin da ke kai ruwa ɓangarenmu. Na riga na dasa albasa, maƙwabtana ma haka, kuma in ruwa bai iso ba, aikin rani ya tashi a banza. Ita katafilar ce za ta kwashe yashin, sai ta zo tsakiyar hanyar amalanke ta tsaya cik. Wanda bai san irinta ba, ba ta da sitiyari. Sanduna biyu direba ke riƙewa, ɗaya ta ƙafafun dama, ɗaya ta na hagu. Kowane gefe da nasa moter, wato ƙaramin inji, a cikin cikinta, wanda mai ke juyawa ta tiyo biyu. Moter biyun nan ne suka gaji.

Aka ɗauko makanike daga Sabon Gari, wani Kirista mutumin Tibiri, dattijo mai sanyin magana. Ya ɗaga ɗakin direba sama ya tokare, ya tsiyaye mai, ya sassauta sarƙa, ya kwance ƙusoshi. Na ce masa a fara da dama. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ko a gidanmu da dama ake cin tuwo." Na dama ya fita, sabo ya shiga lafiya lau. Da aka zo na hagu, sai haƙoran sabon suka ƙi zama, dole a aika Kano a sauyo.

Kafin ya tafi, ya yagi jan ƙyalle ya ɗaura wa tiyo ɗaya. Ramuka biyu ne a jikin moter, ɗaya gaba ɗaya baya, amma mu nan ba ma cewa gaba da baya. Ko tabarma za a gyara, cewa ake a ja ta kudu kaɗan. Ya dubi rana, ya ce, "Malam, ga amana. Mai jan ƙyalle, ramin gabas." Na ce in rubuta masa da ajami. Ya ce shi ba ya karantawa, kaina ya fi masa takarda. Na riƙe maganar nan kamar yadda nake riƙe hadda, har bayan sallar asuba nakan maimaita ta.

Muna jira albasa tana langaɓewa, har Allah Ya kawo moter. A ranar, jama'a suka taru, shugaban ƙungiya ya sa aka dama kunu, mai shayi ya matso da teburinsa. Makanike ya dulmiya kansa cikin cikin katafila, ƙafafunsa kaɗai muke gani. Can ya ce, "Malam, mai jan ƙyalle?" Na ce, "Gabas." Ya ɗago, ya dubi rana, ya koma ya ɗaure tam.

Direban taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mutum mai son a kalle shi. Ya zo da sabuwar hula ya karkata ta. Ya ce mini, "Matsa, bawana, kar in kwashe ka da yashi in kai wa albasa taki." Na ce, "Hau dai, Allah Ya sa ka sauko da ƙafarka." Ban san bakina zai kusa kama shi ba.

Na yi addu'a aka shafa. Ya tada inji, ya tura sandunan biyu gaba. Ƙafafun dama suka yi gaba, na hagu suka yi baya, katafila ta juya a inda take kamar dutsen niƙa. Zagayen farko mutane suka yi tafi, sun ɗauka gwaninta ce. A na biyu cokalinta ya ɗauke teburin mai shayi, da butoci da burodi, ya tafi da shi. Mai shayi bai gudu ba. Tsayawa ya yi, duk sanda tebur ya zo wucewa sai ya miƙa hannu ya ciri abu ɗaya.

Taubashina ya ja sandunan baya, sai ta juya ta ɗaya gefen. Makanike yana ta cewa, "Saki sandunan, saki kawai," domin da ya saki da ta tsaya. Amma shi ya runtse ido, kuma sandunan nan su kaɗai yake ji a hannunsa da za su hana shi faɗuwa, sai ƙara damƙe su yake yi.

Wata tsohuwa mai tallan ƙuli ta ce ita ta san wannan, tun tana yarinya take ganin irinsa a Tibiri, iska ce ta hau ƙarfe. Nan take magana ta bazu. Shugaban ƙungiya ya kama hannun rigata ya ce, "Malam, kai muke kallo." Ni dai ban yarda da zancen iska ba, amma ɗan'uwana na ciki, albasata na mutuwa, kuma addu'a ba ta ɓaci. Na tattare riga na shiga zagaya katafila ina karatu. Tana juyi ina juyi, ƙura ta rufe mu, har katafilar ta fara haƙa wa kanta rami kamar kwano.

Na kai ƙarshen karatu na yi tofi ke nan, sai iska ta fizge sabuwar hular nan. Mutumin da bai saki sanda don ransa ba, ya sake ta don hula. Hannu biyu ya kai ya cafke. Katafila ta tsaya shiru.

Wuri ya ɗauki kabbara. Taubashina ya sauko, ya yi taku biyu, ya zauna a cikin ƙwaryar kunu.

Makanike ya zo kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, ka tabbata gabas na ce?" Raina ya ɗan sosu, na ce ko a gaban alƙali zan maimaita. Sai ya ce, "To ran nan ina ta dosa?" Sai na tuna. Ran nan na yi azahar a gefenta, ni da ita duk muna duban alƙibla, har na ce a raina kamar mai bin liman. Yau kuwa, kafin a tada ta, ƙeya ta ba alƙibla. Mai shayi, yana ƙirga kofunansa, ya ce ai masu amalanke ne suka gaji da kewaye ta, suka roƙi wani mai kamiyo, wato babbar motar yashi, ya ɗaura mata sarƙa ya ja ta gindin dogon yaro, a nan ta juya. Kowa ya ga an matsar da ita, ba wanda ya kula da inda ta sa gaba.

Makanike ya sauya tiyo biyun nan kafin shayi ya sake tafasa. Taubashina ya ce shi kam ya yi ritaya sai gobe, don haka makanike da kansa ya hau, ta tafi sak. Kafin magariba na tsaya a bakin lambuna ina kallon ruwa yana bin kunya-kunya, albasa tana sha. Na yi wa Allah godiya.

Na yi bayani a masallaci, na yi a kasuwa, cewa tiyo ne da hula. Ba wanda ya saurare ni. Har yau in tunkiya ta kamu da ciwon nan mai sa ta kewaya wuri ɗaya, gidana ake jawo ta, daga Tibiri har Maraɗi.

Abin da na koya shi ne, riƙe magana daidai bai isa riƙon amana ba. Ban ƙara ko harafi a kan abin da aka ba ni ba, gabas ma tana nan inda Allah Ya ajiye ta, amma abin da aka yi maganar a kansa ya juya ban duba ba. Shi ya sa yanzu ko a ɗakina zan tada salla, sai na ɗaga kai na tabbatar ba a juya mini tabarma ba.