Rabin Ƙyallen Baba Sito

Tun kafin ɗalibai su fara rububin famfo da bokitai, Baba Sito ya riga ya buɗe ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin matakalar tsohon ginin kwanan ɗalibai maza na jami'a. Da shara yake farawa. Sannan ya bi akwatuna yana ɗagawa, ko gara ta kawo masa ziyara. In ya gama sai ya ja bencinsa bakin ƙofa ya zauna, makulli rataye a wuya kamar laya. Ɗakin ne ya ba shi wannan suna, har na yankan ya ɓace a bakin mutane.

Idan hutu ya zo, a wurinsa ɗalibai ke barin kaya, kuma yana da tsarinsa. Mai kaya zai kawo ƙyalle, Baba ya yaga shi biyu, ya ɗaure rabi a hannun akwati, ya miƙa masa rabi.

"Ka kawo ɗan'uwansa, ka ɗauki kayanka," haka yake cewa. "In ka yar da shi, sai ka zo da shaidu da haƙuri."

An yagi hankici, an yagi tsohuwar singileti. Akwai ja'irin da ya yago labulen abokin ɗakinsa, kuma har yau ba a gama wannan shari'a ba. Amma ba a taɓa jin wanda ya dawo ya tarar ko cokalinsa ya yi ƙafa ba.

Ginin kuwa ya tsufa, ba a magana. Rufi na yoyo, bango ya tsage, ɗakin mutum biyu ya koma na rabin unguwa. Da hukumar jami'a ta ce za a rushe shi a gina sabo, kowa ya yi murna har da Baba, wanda ritayarsa ta faɗo daidai lokacin. Ɗalibai suka yi ta zuwa da ƙyallayensu, ɗakin ajiya ya koma fayau. Sai akwati ɗaya ya rage, koren akwatin ƙarfe, da rabin zane mai ruwan goro a hannunsa.

Mai shi wani ɗalibi ne da ake kira Shiru-Shiru. Shekaru da dama baya aka aiko masa mahaifiyarsa ba lafiya, ya kawo akwatin a gurguje, ya ce kwana kaɗan zai yi. Ko ɗuriyarsa ba a sake ji ba.

Shugaban leburori ya leƙo ya ce, "Baba, gobe katafila za ta shigo fa. Duk abin da ya rage ya zama shara."

"Ɗan nan," in ji Baba, "shara ba ta da ƙyalle."

A baro ya turo akwatin har gida. Matarsa ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, mutane na yin ritaya su dawo da agogon bango, kai ka dawo mini da akwatin wani?" Tana mita tana jera bulo a ƙarƙashin gado don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi.

Abin ya tsaya wa Baba a rai ƙwarai. Tsoro yake ji, kuma bai ɓoye ba. Ƙarfi ya fara ja baya, ga amanar wani a ƙarƙashin gadonsa, ga ƙofar da mai ita ya sani ta zama tarin ƙasa. In yaron ya zo, wa zai tambaya? Abinci ma ya daina yi masa daɗi. Sai ya kwance rabin ƙyallen daga akwatin, ya ɗaure a ƙafar bencinsa, ya riƙa kai bencin bakin shingen kwanon da aka kewaye wurin aikin da shi. Kullum da safe yana nan. Leburori suka riƙa tsokanarsa wai an sallame shi ya ƙi jin sallama.

Shugaban leburorin ne shaidar abin da ya biyo baya. Ya ce wata safiya wani magidanci ya zo ya tsaya yana kallon ramin da ginin yake a da. Ya juya zai tafi ke nan, idonsa ya faɗa kan ƙafar bencin. Sai ya durƙusa.

"Baba, zanen mahaifiyata ne wannan."

"Ina ɗan'uwansa?"

Mutumin ya zaro rabin daga aljihu, duk ya koɗe, ya yi laushi. Baba ya haɗa bakin yagar biyu, suka zauna daram.

Ashe Shiru-Shiru ne. Ya ce mahaifiyar ba ta tashi ba, ƙannensa suka dawo wuyansa, karatu ya tsaya, kunya kuma ta hana shi tako jami'a. Da ya ji an rushe ginin, ya zo ne kawai ya ga inda sauran zanen ya ƙare, don da shi ta naɗe masa kaya ranar da ya bar gida, kuma yana cikin akwatin.

"Yana ƙarƙashin gadona," in ji Baba. "Ka zo ka ɗauka kafin Innarka ta kore mu ni da shi."

Ran nan, in ji matarsa, sai da ya nemi ƙari a abinci.

Baba Sito, kai ne jirgi ya tashi ka ƙi barin tasha saboda fasinja ɗaya. Kai ne ka nuna mana ana rushe gini, ba a rushe alkawarin da aka yi a cikinsa. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, kai da mai jera bulo.

Sabon gini ya fara tashi, an ce kowane ɗalibi zai sami kabad ɗinsa mai makulli. Madalla. Amma ku da za a miƙa wa makullan, ku je ku gai da tsohon nan, ku ga yadda ake riƙon kayan mutane. Za ku same shi a ƙofar gidansa. Bencin ya dawo gida, ba komai ɗaure a ƙafarsa.