Ƙarfen da ke Bayan Ɗakin Baba

A bazarar farko bayan rasuwar Baba, wutar gidanmu na ƙauye, can bayan Bunguɗu, ta fara hauka. Kwan fitila ya yi ja kamar garwashi, jim kaɗan ya yi haske har ka kare idonka. Fanka ta yi ta jan jiki, sai kuma ta zabura kamar za ta tsinko kanta daga rufi. Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce firjin Inna, wanda ya koma jan duk wanda ya taɓa shi.

Inna ba ta gaya wa kowa ba. Dabara ta yi: ta ajiye silifas ɗin roba da tsumma a gefensa, in za ta buɗe sai ta shirya kamar mai sauke tukunya daga murhu. Asiri ya tonu ne ranar da matar yayana ta je gaisuwa daga Gusau, ta kai hannu za ta ɗauki ruwan sanyi, ta saki ƙarar da ta tara maƙwabta.

Yayana ba ya son dogon zance. Ya yanke hukunci cewa Inna ta tattara ta dawo Gusau wurinsa, ba zai zauna wuta ta kashe masa uwa a gidan da ba kowa ba. Inna ta ce ba inda za ta. Ni ƙarami na shiga tsakani, na roƙi a ba ni mako biyu in gyara. In na kasa, ni da kaina zan ɗauko ta.

Malamin makaranta ne ni, kuma muna da wata cuta: gani muke ba abin da ya fi ƙarfin wanda ya yi karatu. Na shiga Sabon Gari na sayo sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, na ɗaura a bayan babur, na kai ƙauye ina hura hanci. Na'urar ta wuni tana ƙas-ƙas kamar agogo, firji kuwa bai fasa halinsa ba. Na sauya soket, na sauya filogi, na ɗora firjin a kan katako. Da na taɓa shi don in nuna wa Inna aikin ya yi, sai da gwiwar hannuna ta amsa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe boko ma wuta na jan sa.

Kwana goma suka wuce a haka, na fara jin tsoro na gaske. Na san in aka fitar da Inna daga gidan nan, ba za ta daɗe ba.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran wuta a Tsafe. Ya zo da jakar buhu, da tasta ta gwada wuta a aljihun gaba, bai ko kalli sitabilaizata ba. Ya tsaya ƙarƙashin falwaya ya ɗaga kai, ya nuna mini inda wata waya ta yi tsatsa ta saki. Ya ce ita ke sa wuta hawa da sauka. Ya aro tsani ya ɗaure ta, fanka ta dawo hayyacinta. Amma da ya ɗora tasta a jikin firji, ta kama ja.

Ya bayyana mini cewa kowane gida yana da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa, don wutar da ta ɓace hanya ta bi ta can maimakon ta bi jikin mutum. Ya tambayi inda namu yake. Na ce ban sani ba. Shi ya bi wata siririyar waya daga mita, ta jikin bango, har bayan ɗakin Baba, kusa da wani faffaɗan dutse. Ya sa fartanya, ƙasar ta ƙi, ta bushe ƙamas. Ya ce ƙarfen lafiyarsa lau, ƙishirwa ce ke damunsa, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda wurin ya yi shekaru yana aiki, rani da damina.

Ya juya wurin Inna, wadda ke tsaye nesa kaɗan. "Hajiya, da can wa ka zuba ruwa wurin ga?"

Inna ta dubi dutsen.

"Nan Malam ka alwala," in ji ta.

Sai na tuna. Sau biyar a rana Baba yana tsugunne a kan dutsen nan da butarsa, ruwan yana gangarawa gindin bango. Shi kansa bai san yana shayar da wani ƙarfe ba. Tun da aka ɗauki gawarsa Inna ba ta sake bi ta wajen ba, ko shara sai dai ta sa a yi mata. Na shiga duba fartanya kamar ban taɓa ganin irinta ba.

Dattijon ya haƙa ramin da ƙyar, ya goge ƙarfen, ya zuba gawayi da gishiri, muka kwarara bokiti uku. Ya sake ɗora tasta a jikin firji, ba ta kama ja ba. Ya ce a riƙa jiƙa wurin lokaci-lokaci, ya sha furarsa, na kai shi bakin titi.

Da na dawo ana kiran azahar. Na tarar da Inna a kan dutsen da butarta. Matar da ke yi mana faɗa a kan ɓarnar ruwa tun muna yara, ran nan sai da ta ƙarar da buta guda, ta miƙo mini in ƙaro. Ba ta ɗago ta kalle ni ba.

"Ka hwaɗa ma yayanka," ta ce, "ina da aiki gidan ga."