Muryar Hajiya da ta ƙi buɗuwa

Shekarun baya, Hajiya mahaifiyata na raye, mijin ƙanwata ya zo gidanmu na Madabo da sabuwar kyamara, ya ɗauke ta tana koya mana haɗa turaren wuta a tsakar gida. Da ta rasu, na karɓi ɗan katin da bidiyon ke ciki, na naɗe a ƙyalle, na jefa a kwalla tare da 'yan kunnena. Ni a ganina na gama tsaro, ko ɓera bai isa ba.

Bayan Baba ma ya bi ta, kewa ta ishe ni. Na kai wa ƙanwata katin, don ita ce 'yar bokon gidanmu. Ta sa a kwamfuta, shiru. Ta gwada a waya, shiru.

Na ce, "Ko sanyin kwalla ne ya kama shi?"

Ta yi dariya. "Yaya, kati lafiyarsa ƙalau. Irin zubin da kyamarar ta adana bidiyon na wani kamfani ne. Sai da manhajarsu yake buɗuwa, su kuma sun daina yin ta."

"Wato akwati namu, mukulli na wani? Muryar uwar tawa?"

Dariyar ta tsaya.

Ta daɗe tana yawo kafin ta samu wani mai gyara a Mandawari da tsohuwar kwamfutarsa ke da manhajar. Ya buɗe, ita kuma ta juye shi zuwa wani zubi wai shi WebM. Ta ce wannan ba a biyan kowa kafin a yi aiki da shi, kowa na iya ƙera masa mukulli. Ta ɗora a shafin danginmu na intanet, har yayanmu da ke Sudan ya buɗe.

Su hoto suke kallo. Ni na rufe ido na kara wayar a kunne. Hajiya na cewa, "Kar ki cika sukari, ba alewa muke yi ba." Can baya ƙyauren zaure ya yi ƙara, sai gyaran murya, sai sallama. Baba ne. Babu wanda ya san muryarsa na cikin bidiyon. Hajiya ta shagala da turarenta, ba ta ji shi ba, mu ma haka.

Tun daga nan, duk abin da za a ɗauka a gidan nan sai na tambayi mukullinsa na waye. 'Yan gidan suna yi min tsiya, ban damu ba. Har yau idan na kunna, daidai wurin nake jira. Ya yi sallama, ni in amsa masa.