Sista Laraba da Talabijin ɗin Ɗakin Haihuwa

Ƙarfe bakwai na safe Sista Laraba Gado take isa ɗakin haihuwa na asibitinmu a Jega, kuma ba ta gaisawa da kowa sai ta leƙa tankin janareta. Tana da wani kara da ta yi wa tsaga uku. In ta tsoma shi bai jiƙe har tsaga ta biyu ba, ranar mai kula da sito zai ji a jikinsa. Daga nan sai ta yaye zanen da take rufe injin hoton ciki da shi, ta goge fuskarsa, ta wanke hannu, ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya tana dafa cikin mata. Shekara talatin da biyu ke nan tana karɓar haihuwa, biyar na ƙarshe da wannan inji a gefenta. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ga abin da ya ba ni haushi har na ɗauki biro. Ka zauna a tashar Aliero, ko a wata majalisa a Maiyama, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani yana cewa, "Wallahi injin Jega ya ceci iyalina." Inji! Kamar shi ne yake ɗaura zani ya shiga ɗakin. Akwai wanda ya tambaye ni ko ana barin mutum ya shafa shi don neman tubarraki. Matar da take riƙe da shi kuwa, ko sunanta ba su sani ba, sai dai "ungozomar nan mai faɗa."

Faɗa kam tana da shi, ban musa ba. Ni ma na sha nawa kason.

Wata ƙungiya ce ta ba da injin kyauta, jiharmu tana da shekara shida da kafuwa. Wata tara ya yi a cikin kwalinsa ana jiran babban baƙon da zai yanka ƙyalle, kamar shi ma cikinsa aka ɗauka. Kafin baƙo ya samu sarari, Laraba ta kwashi hutunta na shekara ta tafi Sakkwato, ta liƙe wa wani likita har ya koya mata karanta hoton. Da aka buɗe kwali, masu tsari suka ce a ajiye shi a ɗakin awo, a riƙa gaya wa mata watannin cikinsu. Ita kuwa ta turo shi da hannunta har ɗakin haihuwa, ta ce duk mai so ya zo ya ɗauka. Har yau ba wanda ya zo.

Dalilinta mai sauƙi ne. In naƙuda ta cije, kan yaro yakan kumbura har ya ruɗi yatsun ungozoma. Hoto kuwa yana nuna inda fuskar yaron take kallo, da ko kan yana saukowa ko ya tsaya, da yadda zuciyarsa take bugawa. Daga nan ake sanin a jira ne ko a gudu.

Ku tambayi mutanen ƙauyen Kashin Zama labarin Zinatu. An kawo ta dangi suna kuka, don wani ya riga ya gaya musu sai an yanka ta. Laraba ta duba ta ga kan yana kan hanya, fuskar ce kawai take kallon sama. Ta kwantar da ita a gefe, ta tashe ta, ta riƙe ta suna zagaya baranda tana mata masifa a kan ta daina ja da baya. Kafin la'asar an haihu, ba a taɓa wuƙa ba. Ku kuma tambayi Ɗantani direba, wanda yake cewa, "In Sista tac ce Birnin Kebbi, ko uwata tat tsai da ni bisa hanya ba ni tsayawa."

Amma akwai wani aiki da take sa injin nan wanda ba ya cikin littafinsa, kuma a kaina na gano shi.

Ni hedimasta ne a Karaye ta Maiyama, mutumin da ake kawo wa wasiƙa ya karanta. Shekara uku da suka wuce 'yata ta fari, Zubaida, ta zo gida goyon ciki. Mijinta Ladan ya bi motar albasa zuwa kurmi, ba hanyar da za a same shi. Naƙuda ta kama ta, ta yini, ta sake yini. Ni kuwa ina zaure ina duba littattafan yara, kamar yadda ya dace da uban 'yar fari mai kunya, wanda tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. Sau uku matata Halimatu tana zuwa bakin zaure, sau uku ina ce mata mata suna haihuwa tun zamanin Hauwa'u. Da safiyar rana ta uku ita da kanta ta kira Ɗantani ya kai su asibitin Jega. Na bi su ne don kada a ce ban bi ba.

Wajen azahar ina zaune a gindin dogon yaro sai ga Laraba a kaina.

"Wa ke da yarinyar ga?"

"Mijinta ya tafi kurmi."

"Ban tambayi wanda ba shi nan ba. Kai mi kake gare ta?"

"To... a gidana take."

"Akuya ma gidanka take. Ɗiyakka ce ko ba ɗiyakka ba ce?"

Na amsa da ƙyar. Ta ce yaro ya maƙale, sai an kai Zubaida Birnin Kebbi an yi mata tiyata, kuma sai namiji daga danginta ya sa hannu. Na gyara zaman hula na yi mata bayani irin na masu ilimi: ba a yanka matar mutum ba da saninsa ba, a ƙara mata lokaci zuwa gobe.

"Malam, taso."

Ta kai ni inda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba. An ja labule ya kare gadon, an juyo fuskar injin tana kallon ƙofa. Abin da na gani bai wuce abin da talabijin yake nunawa in eriya ta faɗi ba. Amma hedimasta ba ya cewa bai gane ba. Na miƙa yatsa ga wani baƙin da'ira na ce, "Lalle, ga kan nan."

"Wagga mafitsara ce, Malam."

Ta kama hannun rigata ta matsar da yatsan ƙasa. A gefen gilashin ta manna ɗan filasta. "Nan kan yake da hantsi, ni na sa alama. Ga shi yanzu. Ya motsa?" Bai motsa ba. Ta sa hannu bayan labule ta zame ɗan abin injin da ake gogawa a kan ciki, sai wani ɗan ɗigo ya bayyana yana ƙiftawa. "Zuciya tai ke nan. Da safe gudu take. Kai mai lissafi ne, ƙirga." Na ƙirga. Tana bugawa, ta yi kamar ta manta, ta sake bugawa.

Sai na ji daga bayan labule an ce, "Baba."

Laraba ta miƙo takarda. Akwai wurin sunan majiyyaciya, kuma ta bar shi fili da gangan, don ta san sunan sarai. Na rubuta shi da hannuna, na sa hannu. Likitan Birnin Kebbi ya ce wa Halimatu da mun kai gobe, da mutum biyu za mu rufe. Yaron yanzu yana nan yana yage mini littattafai.

Daga baya na tambaye ta me ya sa ta shigar da ni. Ta ce, "Tun da anka kawo ta hannuna ya gaya min, inji ya tabbatar. Amma hannuna hannun mace ne, ba ku yarda da shi. Talabijin kuwa, ko ba ku gane komi ba kuna gyaɗa kai." Ashe ba ni kaɗai ba ne. Liman ta shigar, sarkin noma ta shigar, kowa ya nuna abin da ba kai ba.

Wannan ce matar da kwamitin ban kwana ya zauna sau huɗu a kanta, ya yanke shawarar ba ta agogon bango. Agogo, ga matar da ba ta taɓa makara ba. Mu da ba ma kawo masu naƙuda sai rana ta uku, mu ya kamata a raba wa.

Laraba ta Gado, mai hannun da ba ya rawa. Ke ce kika san lokacin da za a yi haƙuri da lokacin da haƙuri yake kisa. Ke ce kika ɗauki baƙin jinin mai faɗa, don kin ga lallashi yana cin awa biyu, macen da ke kan gado kuwa ba ta da su. Ke ce kika tsaya a kan Zulaiha da Umaima, ungozomomin da za su gaje ki, har suka iya karanta hoton, kina sa su fara dafawa da hannu kafin su kunna inji. Na gode. Shekara uku ina bin wata hanya in na hango ki, don kunyar abin da na so yi. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutun da kika hana kanki.

Ku kuma 'yan'uwana maza na Jega da Aliero da Maiyama, daga wata mai zuwa babu wadda za ta ja hannun rigarku. Zulaiha da Umaima sun iya aiki, amma sa'o'in 'ya'yanmu ne, ba za su iya kwatanta 'yar hedimasta da akuya a gabansa ba. In sun ce a tafi, a tafi. In naƙuda ta yini, kada a jira ta kwana.

Zubaida tana da wani cikin, wata bakwai. Na gaya wa Ladan albasa za ta iya zuwa kurmi ba shi. Ranar Litinin mu biyu za mu kai ta awo. In kun hango wani mai furfura a kan bencin mata ya rufe fuska da jarida, ni ne. Kada ku tsaya dariya daga nesa, ku kawo naku iyalan. Zan matsa muku.